Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Iyayen Ƙasa: Ba Ranar Naƙuda Ake Neman Izinin Zuwa Asibiti Ba

Zuwa ga Kwamitin Sarakunan Arewa kan Kiwon Lafiya Matakin Farko, da hakimai, da dagatai, da masu unguwanni, da limaman da ke tare da su.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin iyayen ƙasa, Allah ya ƙara girma da lafiya. Ni ungozomar asibiti ce. Na yi shekara 30 da 'yan kai ina karɓar haihuwa, mafi yawansu a ƙananan asibitocin karkara, kafin in ajiye aiki. Na san ba al'adarmu ba ce mace irina ta ɗaga murya a gaban fada, don haka ina neman afuwa tun kafin in fara. Abin da ke tafe da ni ba a teburin kwamishina kaɗai maganinsa yake ba. Yana zaure, yana ƙofar masallaci, yana ɗakin uwar miji, kuma duk wuraren nan maganarku ce ke shiga.

Ranku ya daɗe, duk wanda ya taɓa leƙa asibitin ƙauye ranar awo ya ga abin da zan faɗa. Benci cike, tabarmi cike, wasu matan har gindin darbejiya suna jiran layi, kowacce da katinta a hannu. Amma idan wata ya ƙare muka buɗe littafin haihuwa, sai ka ga waɗanda suka sauka a wurinmu ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Shekara da shekaru ina tambayar kaina: ina sauran suka shiga? Binciken lafiyar jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna cewa ba a garinmu kaɗai ba ne. A Arewa maso Yamma fiye da rabin masu ciki suna zuwa awo, amma haihuwa 16 ce kawai cikin 100 ake yi a asibiti. A Kudu maso Gabas ta haura 80. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kusan 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya. Sama da mata 200 ke nan kowace rana, kuma kowa ya san ɓangaren ƙasar da ya fi ɗaukar nauyin wannan lissafi.

Macen da ta taka da ƙafarta sau huɗu ko biyar zuwa awo ta san hanyar asibiti, kuma ba ta ƙi shi ba. Abin da ya raba ranar awo da ranar naƙuda shi ne: ranar awo ita ke yanke shawara, ranar naƙuda kuwa shawara ta fita daga hannunta.

Bari in ba ku labarin yarinya guda, wadda har yau ba ta bar raina ba. Cikin fari ne, ba ta taɓa fashin awo ba. A wata na takwas na ga ƙafafunta sun kumbura, jininta ya hau. Na ba ta magani, na ce da zarar ta ji ciwon kai mai tsanani ko ta ga duhu-duhu, ta taho ko da tsakar dare ne. Ta ce to. Mijinta yana ci-rani a kudu. Ranar da abin ya zo, tun la'asar ta fara jijjiga. Aka kira wayarsa, ba ta shiga. Mahaifinsa ya tafi cin kasuwa wani gari. Uwar mijin, baiwar Allah mai sonta ƙwarai, ta ce ita ba ta da ikon fitar da matar wani daga ɗakinta. Maƙwabta suka taru, wasu suka ce iska ce, aka kawo turare, aka kawo rubutu, aka yi tofi. Sai bayan asuba da surukin ya dawo aka ɗora ta a amalanke. Tsakanin gidansu da asibitinmu tafiyar ƙafa ce da ba ta kai rabin awa ba. Allurar jijjigar tana cikin kabad ɗina duk daren nan, ni kuma ina ɗakin kwana a bayan asibitin, ba wanda ya ƙwanƙwasa. Kafin hantsi ta cika, ita da abin da ke cikinta.

Da mijin ya iso wurin zaman makoki, kuka yake yana cewa, "Wallahi da an same ni da ban hana ba." Na yarda da shi. Babu wanda ya hana a kai yarinyar nan asibiti. Amma babu wanda ya riga ya ce a kai ta, kuma kowa yana tsoron a ce shi ya yi gaban kansa da iyalin wani. Irin wannan mutuwa na fi gani a aikina: gida cike da masoya, kowa yana jiran maganar wanda ba ya nan.

Masana suna cewa jinkiri uku ke kashe mai haihuwa: jinkirin yanke shawarar fita, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na uku namu ne mu ma'aikata da gwamnati, zan zo kansa, ba zan ɓoye laifinmu ba. Amma na farko da rabin na biyu a hannun gari suke.

Ku duba abin da muke yabo. Idan mace ta sauka, me mata ke cewa wurin barka? "Wance jaruma ce, ko tarinta ba a ji ba, sai kukan jariri kawai muka jiyo." Tun yarinya tana ƙarama take jin wannan kirari, tana kuma jin yadda ake ce wa wadda aka kai asibiti raguwa. Ga kunyar ɗan fari, wadda ta sa yarinya za ta wuni tana murƙususu a ɗaki ba za ta iya buɗe baki ta gaya wa uwar mijinta cewa abu ya zo ba. Idan an kai ta goyon ciki gidan iyaye, nan ma kunyar ce, ga kuma tambayar wa zai biya, iyaye ko miji. Kunya adonmu ce, ni ma da ita aka raine ni, kuma ba na fatan ta gushe. Amma Hausawa da kansu suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jini idan ya ɓalle bayan haihuwa yana iya kashe mace mai ƙoshin lafiya cikin awa 2. Bai san mai haihuwar fari ba, bai san mai haihuwa ta goma ba. Hasali ma wadda ta haihu da yawa, wadda ake cewa "ai ita ta saba", ita ce mahaifarta ta fi gajiya, ita ce jini ya fi ɓalle wa.

Abin da na lura da shi, mace ba ita kaɗai take zaɓar inda za ta durƙusa ba, unguwarta ke zaɓar mata. Na ga mai takardar sakandare ta haihu a bayan gado domin a layinsu ba a taɓa yin wani abu dabam ba, tana gudun a ce boko ya lalata ta. Na kuma ga wadda ba ta taɓa shiga aji ba ta ɗaure kayanta tun wata na tara, domin kishiyarta da facalolinta duk a asibiti suka sauka, ita ma ba za a bar ta a baya ba. Idan gidaje uku ko huɗu masu mutunci a gari suka fara, sauran bi suke. Shi ya sa nake roƙon a fara daga gidan dagaci da gidan liman. Mutane ba shelar sanƙira kaɗai suke saurare ba, suna kallon inda matan gidan mai gari suke haihuwa.

Akwai kuma wata magana da ta zauna a zukatan mutanen karkara, cewa asibiti wurin mutuwa ne, ko wurin yanka. Ba daga sama suka tsince ta ba. Idan ba a kai mace sai ta kwana biyu a kan gwiwa, ɗa ya mutu a ciki, to labarin da zai dawo gari shi ne an kai ta asibiti ta rasu, ko an yi mata aiki. Sai na gaba su ƙara jin tsoro, su ƙara jinkiri. Wannan ba sabon sani ba ne. Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya tsakanin 1976 da 1979, ya nuna cewa mace-macen sun taru ne a kan matan da ba su yi awo ba, waɗanda ba a kawo su sai abu ya ɓaci. Kusan shekara 50 ke nan. Waɗanda suka tsira daga doguwar naƙuda kuma, ku je asibitin Babbar Ruga a Katsina ko na Ningi ku gan su, 'yan mata ƙanana da yoyon fitsari, da yawa an sake su, an ware musu kwano da tabarma. Kowacce a cikinsu akwai daren da aka tsaya jiran wani.

Ga malamanmu, Allah ya gafarta malam, ina da roƙo na musamman. Idan mace ta rasu a kan gwiwa, abin da ake faɗa wurin ta'aziyya shi ne ta yi shahada. Gaskiya ne, hadisi ya zo da haka, kuma sanyi ne ga zuciyar iyaye. Amma darajar da Allah ya ba ta ba ta wanke wanda ya yi sakaci da ita ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da ya yi mata wannan bushara, shi ne ya ce dukkanku makiyaya ne kuma kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, shi ne ya ce a nemi magani, shi ne ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure sannan ya dogara. Alƙur'ani ya ce uwa tana ɗaukar ciki cikin rauni a kan rauni, ya kuma ba mu labarin Nana Maryam da zafin naƙuda ya sa ta yi fatan da ta mutu kafin wannan rana. Idan zaɓaɓɓiyar mata ta furta zafinta, me zai sa a ga laifin 'yar talaka don ta ce a taimake ta? Muna son jin wannan a kan mumbari ranar Juma'a, da harshen da manomi zai gane. Muna son a faɗa wa maza ƙarara hukuncin larura idan ba a sami likita mace ba kuma rai yana cikin haɗari. A kuma faɗa musu cewa wanda ba ya son namiji ya duba matarsa, to ya bar 'yarsa ta gama sakandare ta shiga makarantar ungozoma. Ungozomar da za ta zauna a ƙauyenmu ta kwana a cikinsa, 'yar ƙauyen ce, ba wadda aka turo daga birni tana ƙirga kwanakin komawa ba.

Ungozomar gargajiya kuwa, kada a mai da ita abokiyar gaba. Na yi wannan kuskure a farkon aikina, ina ganin su ne matsalar. Daga baya na gane cewa tsohuwar nan ita ta yanke cibin rabin garin, ita ake buɗe wa ƙofa da tsakar dare ba tare da neman izinin kowa ba, kuma kalmarta guda ta fi lacca goma daga bakina. Abin da take tsoro a fili yake: idan haihuwa ta koma asibiti, sabulu da turmin atamfa da tsaba da naman suna da take samu sun tafi, girmanta ma ya tafi. Jihar Ondo ta gane haka, ta riƙa ba irin waɗannan mata lada idan suka rako mai naƙuda asibiti. Mu ma dagaci zai iya tara su ya ce: hakkinku na ungozomanci yana nan daram, ku za ku ci gaba da wankan jariri da kula da mai jego, amma aikinku na farko yanzu shi ne rakiya. A asibitin da na yi aiki na ƙarshe, da muka fara barin ungozomar gari ta shigo ɗakin haihuwa tana riƙe hannun mai naƙuda tana yi mata addu'a, mata sun ƙaru a idona. Abin da za a hana ƙarara shi ne yankan gishiri, da danna ciki, da ɗura jiƙe-jiƙen zafafa naƙuda, da jan mabiyiya da ƙarfi.

Yanzu ga laifinmu. Mata da yawa sun gwada mu sau ɗaya suka rantse ba su ƙarawa. An zage su suna kan gado, an ce musu lokacin da suke jin daɗi ba su kira kowa ba. Wasu har mari. An buɗe musu jiki ba labule. An tilasta musu kwanciya rigingine alhali a durƙushe suka saba, kuma babu laifi a durƙuson. An hana uwarsu shiga. An ƙi ba dangi mabiyiya su binne yadda al'ada ta tanada. An miƙa wa miji doguwar takarda, safar hannu, auduga, sabulu, man janareta, a asibitin da allonsa ya ce haihuwa kyauta. Mafi muni, an zo da dare an tarar da kwaɗo a ƙofa. Naƙuda kuwa dare ta fi so. Mace guda da aka wulaƙanta, kafin a yi suna ta gaya wa mata arba'in. Ina jin kunyar wannan a madadin sana'ata. Amma ranku ya daɗe, kowace mazaɓa tana da kwamitin raya ta wanda ya kamata ya sa ido a kan asibitinta, kuma ku ne iyayen waɗannan kwamitoci. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin lafiya matakin farko, ana tura wani kaso zuwa asibitocin mazaɓu. Hakimi yana da hurumin tambaya: nawa ya shigo, me aka yi da shi, wa ke kwana a asibitin nan? Ya sa mata cikin kwamitin, domin namiji ba ya shiga ɗakin haihuwa, bai san abin da ake faɗa a can ba. Ma'aikaciyar kirki kuma a tsaya mata. Da yawa ba ƙin kwana suke ba, ɗakin kwanan ne babu, babu ruwa, babu fitila, babu mai gadi. Garin da ke yin gayya ya gina masallaci ba zai gaza gina ɗaki biyu da kewaye ba.

Sai maganar hanya da kuɗi. Magidanci yakan fara kiwon ragon suna tun ciki yana wata biyar, ya tanadi itacen wankan jego, ya yi cinikin goro. Amma ka tambaye shi kuɗin mota idan abu ya taso da ƙarfe biyun dare, sai ya ce Allah zai kawo. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 shatar mota daga ƙauye zuwa babban asibiti ta fi ƙarfin aljihun mutum guda. Dabarar kuwa an gwada ta a ƙasarku, ta yi aiki. A Jigawa an yi shirin Haihuwa Lafiya. A Katsina da Zamfara da Yobe an horar da 'yan ƙungiyar direbobi ta ƙasa, wato NURTW, su ɗauki mai naƙuda a kan kuɗin mai kawai, ana saka musu da ba su layin lodi a tasha. Garuruwa sun kafa asusun gaggawa, sun rubuta sunayen samarin da za su ba da jini. A Damagaram ta Nijar, tun 2008 aka fara makarantar mazaje, inda magidanta masu mutunci ke zama su tattauna lafiyar matansu su kuma jawo sauran maza. Yawancin irin waɗannan shirye-shirye idan kuɗin masu tallafi ya ƙare sai su yi sanyi. Abin da fada ta ɗauka ta mai da shi al'adar gari, shi ne ba ya mutuwa.

Ban manta da 'yan'uwanmu na yankunan da 'yan bindiga suka addaba ba, inda fita bayan magariba sayar da rai ne, inda a 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara, aka taƙaita hawan babur, mai naƙuda ba kira ba abin hawa. Haka ma ƙauyukan da gulbi ke yankewa da damina. A irin waɗannan wurare jiran naƙuda ta fara ganganci ne. A garin hakimi a samar da gidan jira kusa da asibiti, mace ta taho da 'yar rakiyarta idan watanta ya kama. Saukar baƙo aikin fada ne tun kaka da kakanni.

Ba zan kawo muku wannan kuka ba da ban ga abin da kuka yi a baya ba. A 2003 an ƙaurace wa rigakafin shan inna a wasu jihohinmu, cutar ta bazu har ƙasashen waje. A 2009 aka kafa wannan kwamiti naku a ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar. Sarakuna suka ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu maganin a bainar jama'a, masu unguwanni suka bi gida-gida, wanda ya ƙi aka kira shi fada aka yi masa nasiha. A watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Maganin yana nan tun da can, ku kuka buɗe masa ƙofofin gidaje. Yau ma kayan aiki suna ƙaruwa. Binciken da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Nijeriya, wanda aka fitar a 2023, ya nuna cewa shimfiɗa leda mai ma'aunin jini a ƙarƙashin mai haihuwa tare da haɗa magunguna nan take yana rage mummunar zubar jini da kashi 60 cikin 100. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Duk alheri ne, amma ba ɗaya da zai isa ga macen da ke bayan ƙyaure ana jiran wayar mijinta ta shiga.

Ga abin da nake durƙusawa ina roƙo. Na san izinin mace a hannun mijinta yake, ba na neman a ƙwace masa. Ina neman a karɓe shi da wuri. Duk magidancin da matarsa ta fara awo, ya furta a gaban limamin unguwarsa ko mai unguwa cewa ko yana nan ko ba ya nan, da rana ko da dare, ya yarda a kai ta asibiti, ya kuma ambaci wanda zai tsaya a madadinsa. Mai tafiya ci-rani kada ya hau mota sai ya yi wannan. Dagaci kuma ya sa a yi shela a kasuwa da masallaci cewa duk wanda ya ɗauki mai naƙuda zuwa asibiti, uwar miji ce, kishiya ce, maƙwabci ne ko ɗan acaba, yana ƙarƙashin inuwar fada, ba mai tuhumarsa, ba mai sakin mace a kan ta fita ceton ranta.

Sannan a riƙa ƙirgawa. Mai unguwa ba a suna ba a jana'iza a unguwarsa bai sani ba. Idan mace ta rasu da ciki, ko wurin haihuwa, ko cikin kwana 40 na jego, ya rubuta ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. Bayan an share makoki a zauna da mutanen gidan cikin tausasawa, ba don a kama kowa ba, a tambaya: yaushe abin ya fara, wa aka jira, me ya tsayar da ku, me kuka tarar da kuka isa? Amsoshin nan a karanta su a majalisar sarki kamar yadda ake karanta rahoton damina da na tsaro, a gaban shugaban ƙaramar hukuma da shugaban asibiti.

Surukar yarinyar da na ba ku labari tana nan da rai, ta tsufa sosai. Duk lokacin da muka haɗu a wurin biki ko ta'aziyya sai ta kama hannuna ta ce, "Malama, da na sani da na ɗauko ta." Ni kuma in ce mata ba ita kaɗai ba ce, duk garin ne bai gaya mata tana da wannan iko ba. Ku ne za ku iya gaya mata, ita da sauran iyaye mata irinta.

Allah ya taimaki iyayen ƙasa, Allah ya sauki masu ciki lafiya, waɗanda suka riga mu Allah ya ji ƙansu.

Wassalam.

'Yarku,
tsohuwar ungozomar asibiti.